Darasin Kimiyya: Fenol, Gishirinsa, da Kashe Ƙwayoyin Cuta

Duk wanda ya yi makarantar kwana ya san warin safiyar Asabar. Tun kafin rana ta ɗaga an jawo ruwa an cika bokitai, an tsiyaya Izal ko wani ɗan'uwansa a ciki, ruwan ya koma fari fat kamar nono, sa'an nan a bi makewayi da kwatami da daɓen ɗakunan kwana ana watsawa. Malamin da ke duba tsabta ya zo ya shaƙi warin, ya kaɗa kai, ya wuce. Hankalin kowa ya kwanta.

Wata Asabar cikin damina muka iske waɗansu yara uku sun duƙa a kan bokiti guda suna haɗi. Sun zuba maganin, sun bi shi da garin sabulun wanki, sun jefa guntun sodar da ake yin sabulu da ita, ga kuma kwalbar bilic a gefe tana jiran nata lokaci. Muka tambaye su dalili. Babbansu ya ce, "Malam, so muke ya ƙara ƙarfi. An ce ana amai da gudawa a garinmu." Niyyarsu mai kyau ce, tsoronsu kuwa yana da tushe. A shekarar 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta Nijeriya, wato NCDC, ta ƙidaya fiye da mutum 111,000 da ake zaton kwalara ta kama su, fiye da 3,600 suka rasu. Jihohi huɗu, Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara tamu, su suka ɗauki fiye da rabin masu ciwon. Yaron da iyayensa ke shan ruwan rijiya a Karakkai ko a wani ƙauyen Bunguɗu ko Tsafe ba sai an koya masa tsoron wannan ciwo ba.

Sai dai abin da yaran nan ke yi rage wa maganin ƙarfi ne. Ranar ba mu sami sukunin yi musu bayani ba, muka ce su zubar su sake. Wannan darasi shi ne bashin da suke binmu. Muna roƙon 'yan ajin kimiyya su karanta da alƙalami a hannu, sauran ɗalibai da ma'aikata da iyayenmu kuma su yi haƙuri da 'yan haruffan sinadarai, ba su da yawa.

Mene ne fenol?

Sunan da kakanninmu suka fi sani shi ne kabolik, saboda jan sabulun nan mai warin asibiti. A 1834 wani Bajamushe, Friedlieb Ferdinand Runge, ya ciro wannan sinadari daga baƙin danƙon da ke saura in an gasa kwal, ya kira shi asid kabolik. Kalmarmu ta kwalta ma daga sunan Turanci na wannan danƙo ta fito, ko da yake titunan yanzu da danƙon man fetur ake shimfiɗa su. A 1841 Auguste Laurent na Faransa ya tace shi har ya same shi tsantsa, daga baya kuma Charles Gerhardt ya raɗa masa suna fenol. Yawancin fenol ɗin da ake yi yau daga man fetur ake haɗa shi a masana'antu.

Ginin ƙwayarsa ba shi da wuya. Atam shida na kabon ne suka kama juna suka yi zobe, kamar mutum shida sun kewaye akushi. Biyar daga cikinsu kowanne yana riƙe da haidurojin guda. Na shidan yana riƙe da oksijin, oksijin ɗin kuma yana riƙe da haidurojin. Muna rubuta shi C6H5OH. Wannan zobe shi ake kira zoben benzin, wutsiyar nan ta OH kuma ita ce bakin maganarmu duka.

Tsantsar fenol farin ƙanƙara-ƙanƙara ne kamar allurai, in ya jima yana shan iska da haske sai ya yi ja-ja. Yana narkewa a wajen digiri 41, shi ya sa a zafin Afrilu na ƙasar Gusau, lokacin da ma'aunin zafi kan haura 40, mukan buɗe kwalbarsa a ɗakin gwaje-gwaje mu tarar ya fara zama ruwa. Laimar da yake zuƙa daga iska ma tana taimaka masa. Amma a cikin ruwan sanyi ba ya narkewa sosai: wajen giram 8 kawai cikin mililita 100. In an wuce haka sai ka ga ruwan ya rabu hawa biyu.

Fenol kuma sunan dangi ne. Duk sinadarin da ke da OH manne kai tsaye a jikin zoben benzin ɗan gidan ne. Kiresol, wanda aka gina magungunan wanke makewayi irin su Izal da Lysol na asali a kansa, fenol ne da aka ƙara wa ɗan reshen kabon. Abin da ke aiki a cikin Dettol, kuloroksailinol, fenol ne mai reshe biyu da atam guda na kulorin, kuma kashi 4.8 cikin 100 ne na abin da ke cikin kwalbar. Mu kanmu mun daɗe da dangin nan ba mu san sunansu ba. Kanumfarin da tsohuwa ke cusa wa jikanta a kogon haƙori yana da yujinol, ɗan gidan fenol, mai kashe zafi da rage ƙwayoyin cuta. Hayaƙin itace da ke hana kifin banda ruɓewa yana ɗauke da su. Bagaruwar da majema ke jima da ita cike take da tanin, wanda zobba ne na fenol masu yawa a haɗe. Ku riƙe zancen bagaruwar nan, za mu komo kansa.

Abin da ake nufi da gishirin fenol

In muka ce gishiri a gida, na miya muke nufi, ko na Balma da Buzaye ke kawowa. A ilimin sinadarai kalmar ta fi haka faɗi. Gishiri shi ne abin da ake samu in asid ya saki haidurojinsa, ƙarfe irin su sodiyom ko fotasiyom ya maye gurbin. Hanyar da aka fi bi ita ce a haɗa asid da alkali. Ku lura, alkali muka ce, ba alƙali mai shari'a ba; kowace shekara sai mun sami wanda ya lanƙwasa wannan harafi a takardar jarrabawa. Da wannan ma'ana gishirin miya gishiri ne, kanwa gishiri ce, alif ɗin da ake sa wa ruwa ya kwanta shi ma gishiri ne.

Fenol asid ne, don yana iya sakin haidurojin ɗin da ke kan wutsiyarsa ta OH. In aka zuba masa ruwan soda mai ci, wato sodiyom haidoroksaid, ga abin da ke faruwa:

C6H5OH + NaOH → C6H5ONa + H2O

Abin da ya fito, C6H5ONa, shi ne gishirin fenol. Littattafai suna kiransa sodiyom fenoksaid, waɗansu su ce fenolet, tsofaffin littattafai kuma su ce fenet ko kabolet. Duk abu ɗaya ne. In da fotasiyom aka yi, sai a sami fotasiyom fenoksaid. Ana kuma samunsa in an jefa ƙarfen sodiyom cikin narkakken fenol, a nan iskar haidurojin ce ke fita maimakon ruwa. A cikin ruwa gishirin yakan rabu biyu: sodiyom mai cajin ƙari a gefe guda, da ayon ɗin fenoksaid mai cajin ragi a ɗaya gefen. Saboda wannan caji gishirin yana narkewa cikin ruwa ƙwarai da gaske. Muna nuna wannan a aji: ruwan fenol mai hawa biyu, a ɗiga masa soda, nan take ya zama garau.

Tambayar da WAEC da NECO ke so ita ce, me ya sa fenol ke yin haka alhali etanol, wanda shi ma yana da OH, ba ya yin gishiri da ruwan soda? Amsar tana cikin zoben. In haidurojin ya tafi, yakan bar wa oksijin caji, caji kuwa kaya ne mai nauyi. A etanol oksijin shi kaɗai ke ɗauke da kayan, don haka ba ya yarda haidurojin ya tafi. A fenol kuwa zoben yana karɓar wani sashe na cajin ya watsa shi a kan kabon ɗinsa. Noman gayya ke nan: gonar da za ta kayar da mutum ɗaya, in jama'a suka shiga kafin azahar an tashi. Tunda kayan ya rabu, ayon ɗin fenoksaid yana iya zama lafiya, fenol kuma ya fi etanol saurin sakin haidurojin har wajen sau miliyan.

Duk da haka rarraunan asid ne. Ma'aunin da ake gwada ƙarfin asid da shi ana ce masa pKa, kuma ƙanƙantar lambar ita ce girman ƙarfin. Na ruwan tsamin binega wajen 4.8 ne, na asid ɗin da iskar kabon dayoksaid ke yi cikin ruwa wajen 6.4, na fenol wajen 10, na etanol wajen 16. Ashe ko iskar da muke fitarwa daga huhu ta fi fenol ƙarfi. Shi ya sa in aka bi ruwan gishirin fenol da kabon dayoksaid sai ya sake gurɓacewa, fenol ya dawo:

C6H5ONa + CO2 + H2O → C6H5OH + NaHCO3

Shi ya sa kuma fenol ba ya tayar da kumfa in an zuba shi a kan sodar burodi, alhali ruwan lemun tsami ko binega na taɓa ta za ta tafasa. Da wannan gwaji ake bambanta fenol da asid irin na binega. Akwai gwaji biyu kuma da ya kamata ɗan aji shida ya sani: ruwan ferik kuloraid yana juya fenol ya zama shuɗi mai ja-ja kamar furen yalo, ruwan buromin kuma yana rasa launinsa ya bar farin ƙasa-ƙasa a gindin kwalba, domin atam uku na buromin sun hau zoben.

Kada wani ya ɗauka gishirin fenol ba shi da amfani. In aka busar da shi, aka dafa shi da wannan iskar kabon dayoksaid ɗin a wajen digiri 125 cikin matsi mai tsanani, iskar ba ta mayar da shi fenol, sai ta manne a jikin zoben a sami salisilet. Hermann Kolbe ya gano wannan hanya a 1860, Rudolf Schmitt ya gyara ta a 1885, kuma daga salisilet ɗin ne kamfanin Bayer ya fitar da asfirin a 1899. Abu biyu iri ɗaya, a sanyi cikin ruwa su ba da wani abu, a zafi da matsi su ba da maganin ciwon kai. Wannan yana cikin abubuwan da suka sa muke son wannan fanni.

Yadda yake kashewa, da inda soda ke ɓata aiki

Ƙwayar bakteriya ɗan ƙaramin salka ce. Fatarta ta ciki siririn mai ne da furotin, a cikinta kuma akwai furotin iri-iri da ke gudanar da rayuwarta. Ƙwayar fenol tana da fuska biyu: wutsiyar OH tana son ruwa, zoben kuma yana son mai. Da wutsiyar take yawo cikin ruwan bokiti, da zoben take kutsawa cikin fatar bakteriya. In ta shiga sai fatar ta fara yoyo, kayan ciki su tsiyaye. In fenol ɗin yana da yawa, sai ya daskarar da furotin ɗin gaba ɗaya, yadda farin ƙwai ke daskarewa a kasko. Abin da bagaruwa ke yi wa fata ɗanya ke nan a marinar majema: tanin ya kama furotin ya ɗaure shi, ruɓa ta rasa abin ci. Ƙasa da kashi 1 cikin 100 fenol yakan hana bakteriya hayayyafa ne kawai. Daga kashi 1 zuwa 2 yake kashewa. Kashi 5 ake amfani da shi a ɗakunan gwaji na asibiti don majinar masu tarin fuka.

To, ga inda gishiri ya shigo. Wanda ke iya ratsa fatar mai shi ne fenol cikakke, mai haidurojinsa, marar caji. Ayon ɗin fenoksaid yana da caji, ruwa ya riƙe shi gam, mai kuma ba ya karɓarsa. Yana nan cikin bokiti, amma ƙofar da zai shiga ta rufe. Yawan wanda ya zama gishiri kuwa ya dogara ga pH na ruwan. A pH 7, wato ruwa marar tsami marar alkali, ƙwaya ɗaya ce kawai cikin 1,000 ta zama ayon, saura duk mayaƙa ne. A pH 10 rabi ya tafi. A pH 12, kashi 99 cikin 100 sun zama gishiri. Ruwan kanwa da ruwan garin sabulun wanki sukan kai wajen 10 zuwa 11, ruwan toka ma alkali ne mai ƙarfi, sodar sabulu kuwa tana wuce 13. Guntun sodar da yaranmu suka jefa ya kwance wa yawancin maganin ɗamara ke nan. Gaskiya ne soda mai ƙarfi ita kanta tana kashe ƙwayoyin cuta, amma wannan wani aiki ne dabam, yana cin hannu da ido, kuma kuɗin da aka sayi maganin fenol da su sun tafi a banza.

Garin sabulun yana da laifi na biyu. Masu yin maganin sun riga sun sa sabulu daidai gwargwado don ya ɗauki dangin fenol, waɗanda ba sa son ruwa, ya watsa su ƙanana-ƙanana. Waɗannan ɗigogi su ne farin nan kamar nono. In sabulun ya yi yawa, sai ya dunƙule ya kulle maganin a cikinsa, ya hana shi isa ga ƙwayar cuta. Bilic kuma fa? Kulorin ɗinsa yana hawa zoben fenol yadda buromin ya hau a gwajinmu. Kulorin ya ƙare a wannan aiki, a sami haɗi mai ɗoyi wanda ba wanda ya san ƙarfinsa ko dafinsa. Mai wayo zai ce ai Dettol ma yana da kulorin a zobensa. Haka ne, amma a masana'anta aka ɗora shi a gurbin da ake so, da awo, ba a bokitin bayan ɗakin kwana ba.

Yaron Gilasgo

Ƙarfin wannan sinadari in an bi ƙa'idarsa ba zance ne na littafi kawai ba. Kafin 1865 tiyata a Turai kusan rabin hukuncin kisa ce, domin miki yakan yi ruwa ya ruɓe, likitoci kuma suna ɗora laifin a kan mugunyar iska. Joseph Lister, likitan fiɗa a babban asibitin Gilasgo, ya karanta binciken Louis Pasteur da ya nuna ƙananan halittu ne ke kawo ruɓa. Ya kuma ji cewa a garin Carlisle ana zuba kabolik a ruwan kwatami, wari ya ragu. A watan Agusta na 1865 aka kawo masa wani yaro ɗan shekara 11, James Greenlees, wanda ƙafar amalanke ta taka, ƙashin ƙafarsa ya karye ya huda fata. A wancan zamani irin wannan karaya yanke ƙafa ake yi. Lister ya rufe mikin da ƙyalle jiƙe da kabolik. Bayan kamar mako shida yaron ya fita da ƙafafunsa biyu. A 1867 Lister ya buga sakamakonsa a mujallar The Lancet. Ƙididdigarsa ta nuna kafin kabolik mutum 16 cikin 35 da ya yanke wa gaɓa sun mutu, bayan kabolik kuwa 6 cikin 40.

Amma tun a lokacin an ga ɗaya fuskar. Kabolik yana cin naman mai rai kamar yadda yake cin ƙwayar cuta. Hannuwan likitoci sun yi ta tsagewa. Lister da kansa ya daina fesa shi a iskar ɗakin tiyata a 1890. A asibitin Johns Hopkins na Amurka, wajen wannan lokaci, hannuwan wata ma'aikaciyar jinya, Caroline Hampton, suka lalace saboda magungunan wanke hannu, kabolik na cikinsu, sai likita William Halsted ya sa aka yi mata safar hannu ta roba. Daga nan safar tiyata ta samo asali. Yau ba a wanke miki da tsantsar fenol. An bar wa danginsa masu sauƙi fata, masu ƙarfi kuma daɓe da kwatami.

Fenol ya kuma zama mudun da ake auna sauran magunguna da shi. A 1903 Samuel Rideal da Ainslie Walker suka fito da gwajin da ake kwatanta magani da fenol a kan ƙwayar zazzaɓin taifot. Misali, in fenol da aka sirka 1 cikin 100 ya kashe ta a wani lokaci, wani magani kuma ya yi haka a lokaci ɗaya alhali an sirka shi 1 cikin 500, to lambarsa 5 ce. A 1908 Harriette Chick da Charles Martin suka gyara gwajin ta hanyar sa ƙazanta a ciki, don ba a kwalbar gwaji mai tsabta ake yaƙi da cuta ba.

Kuskuren tsimi

Kuskuren yaranmu ƙari ne. Wanda ya fi shi yawa a gidajenmu da makarantu da ɗakunan shan magani shi ne ragi. Kwalba tana da tsada, sai a ɗiga ɗan kaɗan, da ruwa ya yi fari ya yi wari a ce ya isa. Dangin fenol ba sa yafe wannan. Masana sun auna sun ga in aka rage ƙarfin fenol da rabi, lokacin da zai ɗauka kafin ya kashe ba ninki biyu yake yi ba, yana ninkawa ne wajen 2×2×2×2×2×2, wato sau 64. Aikin minti 10 ya koma minti 640, fiye da awa goma. Kafin nan daɓen ya bushe tuntuni. In an rage zuwa sulusi, sau 729 ne. Hanci kuwa yana jin warin fenol ko da ya ragu ƙwarai, farin launin ma yana nan. Saboda haka wari da fari ba su shaida komai, mu malamai masu duba tsabta da hanci mu ne farkon waɗanda ya kamata su ji wannan. Abin bi shi ne awon da ke jikin kwalba, da murfinta ko cokali, a haɗa sabo kowace rana, a share ƙazantar da ido ke gani tukuna, a watsa, a bar wurin a jiƙe na lokacin da aka rubuta kafin a goge.

Inda dangin fenol suka yi fice shi ne wurin da ba a iya rabawa da datti sarai: bakin masai, kwatami, turken dabbobi, akurkin kaji. Ƙazanta ba ta cinye ƙarfinsu da sauri kamar yadda take cinye na kulorin. Amma suna da iyaka. Ba sa kashe ƙwayoyin da suka shiga ɓawo suka kwanta, irin na ciwon sarƙe-haƙora da ke cikin ƙasa da kashin dabbobi, don haka wanke reza ko almakashin yanke cibiya da su bai wadatar ba. Ƙwayoyin bairos marasa rigar mai, irin ta shan inna, su ma ba su cika jin su ba.

Batun kwalara kuwa, babbar hanyarta ruwan sha ce da abinci, kuma nan ne fenol ba shi da hurumi ko kaɗan. Ba a zuba shi a rijiya, ba a ɗiga shi a randa. Dafi ne. Ruwan sha tafasawa ake yi, ko a sa masa kulorin da aka yi domin haka, irin WaterGuard ko Aquatabs, bisa awon da aka rubuta. A sansanonin jinyar kwalara ma kulorin ake amfani da shi: kashi 2 cikin 100 don amai da bayan gida, 0.2 don daɓe da gadaje, 0.05 don hannu. Wanda ciwon ya kama kuma, ruwan gishiri da sukari yake bukata tun daga gida, da gaggawar zuwa asibiti.

Ga masu haɗawa a gida

'Yan shekarun nan ƙungiyoyin mata da matasa da yawa suna koyon yin sabulun ruwa da maganin wanke makewayi don sayarwa. Sana'a ce mai kyau, ba mu hana kowa. Sai dai a cikin kayan haɗin akwai kabolik mai kauri, ana sayar da shi a kasuwa cikin gorar da ba ta da suna, kuma yawanci ba a gaya wa mai koyo abin da ya riƙe. Fenol mai kauri yana kashe jijiyar jin zafi a inda ya taɓa. Fatar ta yi fari, mutum bai ji komai ba, ya ci gaba da aikinsa, alhali yana ƙonewa, sinadarin kuma yana ratsa fata yana shiga jini, inda yake taɓa zuciya da ƙoda da hanta. In ya zube a wuri mai faɗi na jiki yana iya kisa. Mai haɗawa ya sa safar roba mai kauri da tabarau, ya yi aikin a fili, ya kori yara. Mai saye kuma ya nemi kwalba mai lambar NAFDAC da awon sirki a jiki, domin wadda ba ta da su ba a san ko kashi nawa ke cikinta ba, mun kuwa ga abin da rabi ke yi.

Muna roƙon iyayenmu mata game da jarirai. Fatar jariri siririya ce, hantarsa ba ta ƙosa ba, kuma an sami jarirai a asibitocin ƙasashen waje da suka kamu da shawara bayan an riƙa goge gadajensu da magungunan fenol. Kada a sa a ruwan wankan jariri ko a cibiyarsa sai da umurnin ma'aikacin lafiya. Kyanwa ma hantarta ba ta iya fitar da fenol, in ta taka jiƙaƙƙen daɓe ta lashe ƙafa tana iya mutuwa.

In ya zube wa mutum, a tuɓe tufafin da ya jiƙe nan take, a yi ta kwarara ruwa mai yawa a wurin aƙalla minti 15 zuwa 20. Ɗan ruwa kaɗan baza shi kawai yake yi. Mai taimako ya kare nasa hannu. In a ido ne, haka za a yi ta wankewa har a isa asibiti. In yaro ya sha, wanda yakan faru in an ɗura maganin a kwalbar lemo ko gorar ruwa, kada a sa shi amai, domin abin da ya ƙone maƙogwaro wajen shiga zai sake ƙona shi wajen fita, yana kuma iya faɗawa huhu. Kada a tsaya ɗura masa manja ko jiƙon kanwa. A ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa, a tafi da kwalbar a hannu don likita ya ga abin da ya sha.